A sake buɗe baje kolin tarihin magani na Wellcome

Ya Edita,

Na karanta rahotonku kan gidan tarihi na Wellcome da ke Landan, wanda ya rufe baje kolinsa na tarihin magani a Nuwamban 2022 bayan shekara 15, bisa hujjar cewa tsarinsa yana ƙasƙantar da baƙar fata da masu nakasa.

Ƙorafin gaskiya ne, amma rufewar ta yi tsauri. Henry Wellcome, attajirin da gidan ke ɗauke da sunansa, ya tara kaya sama da miliyan, ɗan abin da jama'a ke gani kuma ya ƙara raguwa. A ganina, aibin yana ga yadda aka fifita labarin attajirin da ya sayi kayan a kan na masu su.

A sake buɗe shi, a gayyato masana da masu maganin gargajiya daga ƙasashen da aka kwaso kayan, su rubuta bayanin da kansu.

Naku,
Mai karatu daga Kano