Takardar Koke Kan 'Ya'yanmu Masu Larurar Wahalar Karatu a Makarantun Firamare

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Birni da Kewaye, Kano,
ta hannun Sakataren Ilimi na Ƙaramar Hukuma.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu iyayen yara da wasu malaman firamare na unguwannin cikin birni muka haɗu muka kawo kukanmu a kan wasu 'ya'yanmu da ake yi wa kallon daƙiƙai, alhali Allah bai yi su daƙiƙai ba.

Ga yaro, a aike shi Kasuwar Rimi ya yi ciniki ya kawo canji daidai, a ba shi labari ya maimaita bai bar komai ba, amma yana aji huɗu sunan unguwarsu na gagararsa rubutawa. Idan aji na rera karatu tare, muryarsa ta fi ta kowa, domin da kunne ya haddace shafin. Malama na cewa ya nuna kalmar "ɗaki" da yatsa sai ido ya raina fata. Ya rubuta "bada" ta fito "daba", a gyara masa yau, gobe ya koma gidan jiya. A makaranta bulala, a gida faɗa, har wata inna ta ce ko an yi masa sammu ne. Ƙarshenta yaron ya tsani jakar makaranta, a cire shi a kai shi gareji, yarinya kuma a ɗora mata talla.

Wannan larura ce sananniya da ake kira disleksiya. Tun 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya yi bayanin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira wanda karatu ya gagara. Matsalar tana wajen yadda ƙwaƙwalwa ke rarrabe sautukan magana ta haɗa su da haruffa. Ba ta da alaƙa da ƙarancin hankali ko lalaci, kuma sau da yawa tana bin jini. A Birtaniya ana ƙiyasta mutum 1 cikin 10 na da ita. Ko namu bai kai haka ba, a dubi cunkoson azuzuwanmu a yi lissafi.

Abin da ya ƙarfafa mana gwiwa shi ne, hanyar taimakon ba baƙuwa ba ce a Kano. Tsarin da Samuel Orton da Anna Gillingham suka shimfiɗa a Amurka a shekarun 1930 ya ginu ne kan koyar da harafi da sautinsa ɗaya bayan ɗaya, yaro yana gani, yana ji, yana furtawa, hannunsa yana zanawa. Duk wanda ya zauna gaban alaramma ya san babbaƙu kafin farfaru, ya san bin harafi da yatsa a kan allo, kuma ba a wanke masa sai ya iya. Irin wannan haƙurin muke roƙo a shigo da shi ajin boko. A zuba rairayi a faranti yaro ya zana b yana faɗin sautinta, a gina masa ɗ da yumɓu ya shafa lanƙwasarta, kada a haɗa masa b da d da ɓ da ɗ a mako guda. Daga nan a tafi ga ba, be, bi, bo, bu, a tafa hannu a kan kowace gaɓa, sannan kalma. A ganinmu da Hausa ya kamata a soma, tunda rubutunta ya fi kusa da furucinta nesa ba kusa ba idan an gwada da Turanci. Darasi gajere kullum ga yara kaɗan ya fi dogon darasi jefi-jefi.

Saboda haka muna roƙon Mai Girma ya sa a shirya wa malaman aji ɗaya zuwa uku bita a lokacin hutu, domin su iya gane alamun larurar da wuri. Masana na nan kusa: Jami'ar Bayero tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, a gayyato su. Ko malami ɗaya aka horar a kowace makaranta, ya zama shi ake kai wa irin waɗannan yara kafin a tashi. Yaron da ya gama aji biyu bai iya haɗa baƙi ba, a fara duba idonsa da kunnensa a asibitin sha-ka-tafi, domin wani yaron allo ne ba ya hange.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo, umarni kawai yake jira. A daina dukan yaro a kan kuskuren rubutu. A daina tayar da shi ya yi karatu a gaban aji ana yi masa dariya. A zaunar da shi a gaba, a rage masa kwafar dogon rubutu daga allo, a ƙara masa lokaci a jarrabawa, a darussa irin su addini da zamantakewa kuma a yarda ya amsa da baki. Mu iyaye mun ɗauki alkawarin namu: za mu zauna da su bayan magariba, mai waya ya naɗa musu karatun su riƙa sauraro suna bi da yatsa.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro haƙƙin ilimi kyauta kuma dole, gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024. Muna fata a miƙa wannan koke ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB), a kuma sanar da hakimi da masu unguwanni da limamai su faɗakar da jama'a. A shirye muke mu turo wakilai duk ranar da aka sa mana.

Allah ya taya riƙo, ya ƙara lafiya.

Mu ne naka,
Iyayen yara da malaman firamare na unguwannin cikin birnin Kano.