Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Littattafan Jikokina

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, na samu saƙonka inda kake tambayar waɗanne tsofaffin littattafai za ka fara nema wa yaran, tunda babbar ta kai shekara shida, ƙaninta kuma huɗu. Tambayar nan ta faranta mini rai ƙwarai.

Kada ka miƙa musu littafin da kai ba ka karanta ba, komai shahararsa. Da yawa daga cikin waɗanda ake cewa na yara ne, asalinsu ba don yara aka yi su ba. Tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu na Jamus, su Grimm, suka tattara sun fara fitowa a 1812, kuma su da kansu sun yi ta yi musu gyara har bugu na bakwai a 1857. Duk da haka akwai kashe-kashe da yanke-yanke a ciki da za su hana ɗan shekara huɗu barci. Haka ma Dare Dubu Da Ɗaya, cikakkensa na manya ne, akwai wuraren da kai kanka za ka ji nauyin karantawa a gabansu. Ka nemi bugun da aka tace domin ƙanana, shi ma ka bi shi shafi-shafi tukuna.

Ƙaramin, fara masa da gajerun labaran dabbobi irin na Aesop, kamar tseren zomo da kunkuru, ko zakin da ɓera ya ceta daga raga. Shafi ɗaya da hoto babba ya ishe shi.

Ita babbar ce nake so ka zauna da ita a kan Magana Jari Ce. Abubakar Imam ya fitar da littafi na farko a 1937, ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Turai ya ɗinka musu rigar Hausa, har ba ka gane baƙi ne. Akun nan da ke tsare Musa ɗan sarki da labari don kada ya fita, shi zai tsare maka ita ma. Ba za ta iya karanta shi da kanta ba yanzu, kai za ka karanta mata, labari ɗaya kowane dare. In kun ci karo da kalma mai wuya kada ka tsallake, kada kuma ka canza ta da mai sauƙi. Bari ta tambaya. Ta nan harshenta zai yi kauri.

In fassara ce za ka saya, karanta shafi ɗaya a bayyane kafin ka biya. In harshenka na sarƙewa, ajiye shi, domin kunnen yaro ba zai zauna ba.

Roƙona gare ka, kada ka mayar da abin jarrabawa, kana gamawa kana tambayar me suka koya. In sun ce ka sake, to ka sake, ko sau goma ne. Kai ma haka ka yi mini da labarin kunkurun nan, har ka haddace shi, in na yi kuskure ka gyara mini.

Kwafina na Magana Jari Ce yana nan. Bangon ya yage, amma shafukan ba wanda ya ɓace, zan aiko maka da shi. Ka gaida mai ɗakinka, ka shafa mini kan yaran. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka