Godiya ga kamfanin Crimson Trace

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Crimson Trace, gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Na rubuto ne daga jihar Texas ta Amurka, inda nake zaune kuma nake wasan harbi a filin da doka ta amince da shi, don in gode muku a bainar jama'a bisa mariƙin libarba mai leza (siririn haske mai sauke ɗigo a kan abin da aka auna) da kuke ƙerawa, wanda kuka sa wa suna Lasergrips.

Bindigata Smith & Wesson 642 ce, mai cin harsashi biyar na .38 Special, bututunta bai kai inci biyu ba. Duk wanda ya riƙe irinta ya san wahalarta: saitin gaba da na baya suna dab da juna, kuskure kaɗan a hannu sai ya zama tazara babba a kan allon da ake harbi. Ga kunama mai tauri. Ga kuma shekaru sun fara taɓa idanu, har in na kafa ido a kan saiti sai allon ya dushe. Da na cire mariƙin asali na ɗaura naku, sai ido ya koma kallon wuri ɗaya kawai, inda jan ɗigon ya sauka.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda kuka ɓoye maɓallin, a gaban mariƙin, ƙarƙashin yatsan tsakiya. Da ka damƙi bindigar yadda aka saba, hasken ya kama. Ba laluben wani abu, ba sauya riƙo.

Sai dai in faɗa wa 'yan'uwa masu karatu gaskiya: leza ba ta ƙara wa bututu daidaito ko kaɗan. Tona asirin hannu take yi. Ka zazzage harsasai, ka tabbatar babu ko ɗaya a ciki, ka auna bango ka ja kunama a hankali, za ka ga ɗigon yana rawa kamar mazari. Wannan rawar ita ce take watsa harsashi, kuma da ganinta ne mutum yake koyon jan kunama ba tare da ya gusar da bakin bindiga ba. A nan na fi cin moriyar kayanku.

Leza tana da iyakarta. Da rana tsaka jan haske yakan ɓace, kore ya fi fitowa. Batir yana ƙarewa, don haka ban yar da saitin ƙarfe ba. Sannan hasken yana fitowa ne daga gefen dama, ƙasa da bututu, shi ya sa ɗigo da harsashi suke haɗuwa daidai a nisa ɗaya kawai. Ku kun daidaita shi a ƙafa 50 tun daga masana'anta, kun kuma haɗo da 'yan ƙananan makullai na matsar da shi sama, ƙasa ko gefe, ga mai son wani nisan.

Tun 1994 kuka fara wannan sana'a a jihar Oregon, kuma ban yi mamaki ba da kamfanin Smith & Wesson ya saye ku a 2016 kan dala miliyan 95. Allah ya ƙara basira, ya sa albarka a kasuwa.

Naku,
Wani mai sha'awar harbi daga Texas