Wasiƙa Zuwa Ga Abokan Cinikinmu Game Da Sauye-sauyen Da Kuka Gani A Shago

Assalamu alaikum, iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, da duk wanda ya taɓa tako ƙafarsa shagon nan ya yi sayayya, komai ƙanƙantarta.

Mun daɗe muna shawarar rubuta wannan takarda muna ɗagawa, domin ba ɗabi'armu ba ce mu kwaso damuwar cikin shago mu baje ta a gaban jama'a. Amma abin da ya faru a makon jiya, da maganganun da suka biyo bayansa, waɗanda wasu daga ciki suka dawo kunnenmu, sun sa mun ga cewa idan muka ci gaba da yin shiru, shirun zai zama laifi na biyu.

Ga waɗanda ba su ji ba, ɗaya daga cikin yaran shagonmu ya tsayar da wata uwa tamu a bakin ƙofa, ya nemi ta buɗe jakarta a gaban mutane. Ba a sami komai a ciki ba, kuma duk wanda ya san ta ya san ba za a samu ba. Baiwar Allahn nan tana sayayya a wurinmu tun shagon yana ɗaki ɗaya, tun mahaifinmu ne yake zama a bayan kanta. A daren ranar na je gidanta da kaina na ba ta haƙuri, ta kuma ce ta yafe, amma na ga fuskarta, na kuma san cewa yafiya daban, mantuwa daban. Ina sake ba ta haƙuri a nan a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a aka kunyata ta. Laifin ba na yaron ba ne shi kaɗai, nawa ne, domin ni na matsa musu da maganar sa ido ba tare da na koya musu yadda ake yin sa ba.

Sai dai ina roƙon ku saurari yadda aka yi muka kai ga wannan hali, domin na ji ana cewa mun yi kuɗi mun fara raina mutane, har wai muna kallon kowa a matsayin ɓarawo. Wannan magana ta yi mini zafi ƙwarai, kuma ba gaskiya ba ce.

A ƙarshen kowane wata mukan ƙirga kayan da ke kan kanta da na cikin sito, mu gwada da abin da littafi ya nuna an shigo da shi da abin da aka sayar. Tun da aka buɗe shagon nan akan sami ɗan bambanci, kuma duk mai sayar da kayan abinci ya san haka: wani abu ya fashe, wani ya lalace, wani wa'adinsa ya wuce an zubar, wani lokaci kuma a yi kuskuren ba da canji. Wannan mun saba da shi, muna ɗaukarsa cikin asarar da sana'a ta gada. Amma tun cikin watannin baya giɓin ya fara faɗaɗa, kuma abin da ya ɗaure mana kai shi ne, ba kowane kaya ne yake ɓacewa ba. Kaya iri ɗaya ne kullum, wato ƙanana masu tsada waɗanda suke shiga aljihu ko cikin riga ba tare da sun yi tudu ba, waɗanda kuma ake iya sayar da su a ko'ina cikin sauƙi saboda kowane gida yana bukatarsu. Kuskuren lissafi ba ya zaɓen kaya. Da muka ga haka muka san hannu ne.

Mutane da yawa suna ganin shago cike da kaya sai su ɗauka dukiyar mai shago ce. Galibin abin da kuke gani a kan kantocin nan bashi ne. Dilolin da muke saro kaya a wurinsu suna sauke mana ne da sharaɗin mu biya bayan wasu kwanaki, kuma ranar da wa'adi ya cika ba ruwansu da cewa an sayar ko an sace, kuɗinsu cif suke karɓa. A da akwai waɗanda suke ɗaga mana ƙafa idan muka yi musu bayani, amma yanzu su ma suna kuka da tsadar sufuri da na mai, har babban dilan da muka fi shekara 10 muna hulɗa da shi ya rage mana kwanakin biya, ya kuma daina karɓar kayan da suka dawo. Ribar kayan abinci kuwa siririya ce, ba kamar yadda ake zato ba. A ce a cikin kowane 100 da aka sayar da abu, 5 ne ribar mai shago. To idan aka ɗauke guda ɗaya ba a biya ba, sai an sayar da wasu guda 19 irinsa kafin a mayar da kuɗin da aka saro wanda ya tafi, ba a ma yi maganar riba ba. Wanda ya zura abu uku a aljihu cikin minti ɗaya ya cinye cinikin da yaran nan suka wuni a tsaye suna yi. A cikin wannan siririyar ribar ce kuma ake fitar da kuɗin haya, da kuɗin wuta, da man injin da ke riƙe firji idan wuta ta ɗauke, da albashin ma'aikata. Mai ginin ya ƙara mana haya a bana, kuma da muka nemi izinin matsar da ƙofar gefe domin mai karɓar kuɗi ya riƙa ganin mai shiga da mai fita, ya ƙi, ya ce ba ya son a taɓa masa gini. Shi ya sa muka rufe ƙofar gefen baki ɗaya, ba domin mu wahalar da masu zuwa ta wannan ɓangare ba.

Abin da ya fi ci mini rai a lokacin shi ne zargin da ya faɗa kan ma'aikatanmu. Duk wanda na kai wa kuka sai ya ce da ɗan gari akan ci gari, in bincika cikin gida. Na yi makonni ina kallon yaran da na ɗauka tun suna ƙanana da idon tuhuma, su ma kuma suka fara kallon juna haka, har ɗaya daga cikinsu, wanda ya fi kowa daɗewa, ya zo ya ce in dai ban yarda da shi ba gara ya ajiye aikin. Magabata sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wannan da bai zama gaskiya ba.

Bayan mun sa kyamara ne gaskiya ta bayyana, kuma ita ce nake so kowa ya riƙe daga wannan wasiƙa. Mutanen da suke yi mana wannan ɓarna ba su da yawa. Fuskoki ne ƙalilan, yatsun hannu sun isa a ƙirga su, amma suna dawowa sau da yawa a mako, sun kuma san shagon kamar su suka jera kayan. Sun san lokacin da layi yake tsawo, sun san lokacin da motar kaya take isowa yara su fita saukewa, sun san lungun da kanta mai tsayi take kare idon mai karɓar kuɗi. Wani lokaci su shigo su biyu, ɗaya ya riƙe yaro da tambayar farashi ko neman abin da ya san babu, ɗayan ya gama aikinsa. Wani ya sayi ƙaramin abu ya biya, ya karɓi rasit, ya yi sallama cikin fara'a, alhali abin da ke cikin rigarsa ya ninka abin da ya biya sau da dama. Wannan ba tsautsayi ba ne, sana'a ce suka mayar da ita.

Ina so in bambance waɗannan da wanda yunwa ta kora. Allah ya sani, a tsawon shekarun nan mun sha ganin wanda ya ɗauki abin da zai kai bakinsa ko bakin 'ya'yansa, kuma ba mu taɓa tara masa jama'a ba. Mukan ja shi gefe mu yi magana, sau da yawa ma ya tafi da abin. Littafin bashinmu yana nan, da yawa daga cikinku kun san shi, kuma ba mu taɓa karanta sunan kowa da ƙarfi ba. Wanda yake cikin matsi ya zo ya same ni, ƙofata a buɗe take. Amma wanda yake kwasar kaya iri ɗaya da yawa, ya je ya sayar a rabin kuɗi, ya dawo jibi, wannan ba yunwa ce take damunsa ba.

Wasu suna tambaya, tunda mun san su, me ya hana mu kama su? Tambaya ce mai kyau, amsarta ce ba ta da daɗi. Ba ka da ikon cewa mutum ya yi sata sai ka ga ya ɗauka, ka ga ya ɓoye, idonka bai bar kansa ba har ya wuce wurin biya bai biya ba. Idan ka tare shi tun yana ciki, zai ce ai biya zai je yi. Idan idonka ya kauce na ɗan lokaci, yana iya ajiye abin a wata kanta, kai ka koma mai ƙazafi. Sa'an nan ban yarda yaro ya bi kowa a guje ko ya kama shi da kokawa ba, domin ba ka san abin da mutum yake ɗauke da shi a jikinsa ba, kuma babu kayan da ke shagon nan da ya kai jinin ɗan wani daraja. Ban kuma yarda a yi ihun ɓarawo ba, saboda duk mun san abin da taron jama'a yake iya aikatawa idan ya fusata, ni kuwa ba zan ɗauki alhakin rai a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Mun kai ƙara wurin hukuma, an saurare mu, an karɓi hotunan, amma idan aka dubi kowace sata ita kaɗai ƙaramar magana ce, sai an tara su a nuna mutum ɗaya ne yake maimaitawa kafin ta yi nauyi, wannan kuwa yana cin lokaci da zirga-zirgar da mai ƙaramin shago ba shi da sararinta. Akwai wanda muka hana shigowa, ya yi kwanaki ya dawo a lokacin da ba na nan. Ana ta ba mu haƙuri da cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Haka ne, amma jarin ƙaramin shago ba ya kai rana dubu.

A cikin wannan yanayi ne muka mayar da wasu kaya bayan kanta sai an tambaya a miƙo, muka nemi a riƙa ajiye manyan jakunkuna a wurin shiga, yara kuma suka fara yawo tsakanin kantoci fiye da da. Na san bai yi wa kowa daɗi ba. Wanda ya saba ya shigo ya ɗauki abinsa da hannunsa, ya juya shi ya duba wa'adinsa a tsanake, yanzu sai ya tsaya jiran yaro, dole ya ji kamar an rage masa daraja. Sai dai ba zan ɓoye ba, na yi mamakin yadda manyan kantuna suke karɓar jakar mutum a ƙofa, su duba rasit a wurin fita, ba wanda yake cewa uffan, amma mu da muka san sunayen 'ya'yanku muka yi kaɗan daga cikin haka, sai aka ce mun canja hali. Mun lura da fuskokin da suka ɗauke ƙafa a 'yan kwanakin nan, kuma rashinsu ya fi ɓatan kayan damun mu.

Muna duba yadda za a gyara. Na zauna da ma'aikata mun yi magana mai tsawo, kuma daga yau babu yaron da zai sake neman wani ya buɗe jaka, duk abin da aka gani ni za a kira. Sauran matakan muna sake nazarinsu ɗaya bayan ɗaya, muna kuma tuntuɓar maƙwabtanmu masu shaguna, waɗanda ashe su ma mutanen nan ba su ƙyale su ba. Akwai abubuwan da muke shiryawa waɗanda bai dace in bayyana su a takardar da kowa zai karanta ba. Ba zan iya yanke muku ranar da komai zai koma yadda yake a da ba, amma muna iya ƙoƙarinmu don kada nauyin wannan asara ya hau kan farashin da kuke biya.

Godiyarmu ba ta da iyaka ga waɗanda suka tsaya tare da mu. Ina nufin dattijon da yake fara shigowa kowace safiya tun kafin mu gama share ƙofa, wanda ya kira ni gefe ya gaya mini gaskiya a kan abin da ya faru maimakon ya faɗa a bayan idona. Ina nufin iyayenmu mata da suke aiko yara da takarda, mu haɗa kaya mu ba su ba tare da an ƙirga a gabanmu ba, saboda amanar da ke tsakani. Ina nufin waɗanda muka sani suna zuwa a goye, yau ga su suna shigowa da nasu 'ya'yan, da waɗanda suka tashi daga kusa da mu amma har yanzu suke wuce shaguna da yawa su zo namu. Lokacin da mahaifinmu ya kwanta jinya har Allah ya karɓi abinsa, ku ne kuka riƙe shagon nan da cinikinku da addu'o'inku, kuma ba mu manta ba.

Roƙonmu gare ku shi ne, wanda aka ɓata wa rai a shagon nan, ko da kallo ne, ya zo ya same ni kai tsaye, ina nan kullum daga buɗewa har rufewa in ban da lokacin da na fita saro kaya. Wanda kuma idonsa ya gane masa wani abu, kada ya tare kowa, kada ya ɗaga murya, ya dai yi wa mai karɓar kuɗi raɗa a hankali ya bar mana sauran. Waɗanda suka ɗauke ƙafa, muna roƙon su dawo su sake gwada mu.

Allah ya bar zumunci, ya sa albarka a cikin nemanku da namu.

Naku a kullum,
Mai shago, a madadin iyalinsa da dukkan ma'aikata