Nauyin Da Masu Kwaikwayon Tarihi Da Waƙa Suke Ɗauka A Daura

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wasu bayin Allah waɗanda ake taruwa a kalla, a tafa musu ko a zage su, amma ba a cika tambayarsu abin da suka gani ba. Ina nufin matasan da suke hawa dandamali su kwaikwayi mutanen dā, da magana da waƙa da kiɗa duk a lokaci guda. Ni tsohon malamin makaranta ne a nan Daura, kuma na shafe shekaru ina shirya wa ɗalibai da samarin unguwa wasan Bayajidda da makamantansa, musamman idan Sallar Gani ta ƙarato a watan Rabi'ul Awwal. Abin da zan faɗa daga bayan labule na gano shi.

Wanda bai taɓa yi ba yana zaton wahalar ita ce haddace kalmomi, alhali wannan ce mafi sauƙi. Wahalar tana farawa ne daga ranar da aka naɗa wa yaro rawani aka yafa masa alkyabba. Amawali yana rufe baki, saboda haka duk muryar da ya yi makonni yana gyarawa sai ta dushe, makirfon da aka maƙala masa kuma ya riƙa ɗaukar hucin numfashinsa maimakon baitin. Mai fitowa a barde ya fi shi shan wuya, domin zai yi zagaye biyu ko uku a guje, da lifidin aro da kwalkwali, a cikin zafi, sa'an nan a ce ya tsaya cak ya ɗauki waƙa daidai inda mai ganga ya sauke masa. Na ga yaron da ya buɗe baki a irin wannan wuri babu abin da ya fito sai haki, har sai da 'yan amshi suka maimaita amshi sau huɗu suna rufa masa asiri kafin numfashinsa ya dawo. 'Yan kallo sun ɗauka haka aka tsara.

Amma babban darasin da na koya ba a kan numfashi ba ne. A wata shekara mun tsara cewa Bawo, ɗan Bayajidda da Daurama, zai tashi tsaye ya rera waƙa yana sallamar 'ya'yansa zuwa garuruwan da za su mulka. Yaron da muka ba wannan matsayi muryarsa zaƙi gare ta, mu kuma muna ta murna. Sai wani dattijo daga gidan makaɗa, wanda muka gayyato ya duba mana kiɗan a ranar bita, ya bari har aka gama, sa'an nan ya ce da ni: “Malam, a ina ka taɓa ganin sarki yana waƙa? Sarki yi masa ake yi.” Na rasa amsar da zan ba shi, domin gaskiya ya faɗa. A ƙasar Hausa sarki ba ya ɗaga murya, ba ya yawan magana, balle ya rera baiti a gaban talakawansa. Aikin makaɗa da maroƙa ne su faɗi girmansa, shi kuma ya zauna ya saurara. Abin da muka tsara ya samo asali ne daga finafinan da yaran suka tashi da su, inda jarumi yake buɗe baki a kowane hali.

Muka sake shiri. Muka mayar da waƙar bakin makaɗin fada da 'yan amshinsa, muka bar Bawo a zaune. Nan fa yaron ya gane cewa an ƙara masa aiki ne ba a rage ba, saboda sai da ya koyi yadda zai zauna minti shida ba tare da ya ce uffan ba, kuma duk wanda ya dube shi ya san uba ne yake rabuwa da 'ya'yansa. Ya koyi inda zai ajiye hannu, da lokacin da zai ɗaga ido, da yadda ake amsa gaisuwa da ɗan motsin kai kawai. Daga baya ya shaida mini cewa bai taɓa gajiya a dandamali kamar wannan dare ba. A ƙasar Yarbawa abin ya sha bamban, domin ɗan wasan kwaikwayon nan Duro Ladipo da kansa yake fitowa a matsayin Sango, sarkin Oyo na dā, yana waƙa yana rawa, har ya kai wasan ƙasar Jamus a 1964, kuma hakan ya dace da al'adarsu. Namu tsarin sarautar daban ne, kuma ɗan wasan da ba a nuna masa wannan bambanci ba shi ne zai sha kunya a gaban jama'a, ba wanda ya rubuta masa ba.

Haka batun kayan kiɗa yake. Tambari da kakaki na sarki ne, ba a kaɗa su ko a busa wa kowa, ballantana yaron da ya ari rawani na dare ɗaya. Mu dai babbar ganga muke lulluɓewa da ƙyalle ta tsaya a madadin tambari, mu nemi mai algaita ya cike gurbin. Wasu masu shirya wasa sun fi son su kunna fiyano ko waƙar da aka riga aka naɗa a situdiyo, yara su riƙa motsa baki. Ban ce haramun ba ne, amma ina ganin hasara ce. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma kalangu da kotso suna bin hawa da saukar magana ne. Idan aka ɗora kirarin dā a kan karin da ba nasa ba, sai kalmomi su karkace, tsofaffi su kasa gane abin da ake faɗa, shi kuma ɗan wasan ya rasa wannan jan numfashi da ke tsakaninsa da makaɗi, wanda shi ne ran wasan.

Akwai kuma nauyin da yake bin ɗan wasa har gida. A Daura ba a gaban baƙi ake yin tarihi ba. Rijiyar Kusugu tana nan a cikin gari, kowa ya sha ruwanta ko ya kai baƙo ya gani, kuma kowa yana da yadda kakarsa ta ba shi labarin: da tsohuwa Ayana da ta sauki baƙo, da macijin da ba ya bari a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, da maƙeran Gaya da suka ƙera wuƙar. Ka sauya abu ɗaya, za a tare ka a kasuwa. Wata ɗalibata ta fito a matsayin Bagwariya, kuyangar da ta haifa wa Bayajidda Karɓagari, kuma muka ba ta waƙar habaici tsakaninta da Daurama. Ta yi ƙoƙari ƙwarai, har mata suna guɗa. Sakamakon da ta samu shi ne sunan ya bi ta, a makaranta da unguwa ba a kiranta sai da shi, wasu cikin raha, wasu da gori, har mahaifiyarta ta aiko a ce mini kada a sake sa ta. Tun daga lokacin nake zama da iyayen duk yarinyar da za ta fito, in gaya musu matsayin da za ta riƙe kafin a fara bita. Mun kuma cire kalmar Banza Bakwai daga bakin 'yan amshi, saboda a cikin 'yan kallo akwai mutanen Zamfara da Kabi da Nufawa da suke zaune tare da mu, kuma abin da ake karantawa a littafi a wuce, idan aka rera shi da ganga sau goma, ya zama zambo.

Wannan ma labarin Bayajidda ke nan, wanda ya yi nisa. Idan aka matso ƙarni na 19 abin ya fi tsauri. Wajen 1805 masu jihadi suka fitar da Sarkin Daura Gwari Abdu, zuriyarsa suka zauna a Zango da Ɓaure, har zuwa 1906 lokacin da Turawa suka dawo da Malam Musa kan gadon Daura. A Katsina ma Ummarun Dallaje ya karɓi gari wajen 1807, tsofaffin sarakuna suka koma Maraɗi, sa'an nan a 1906 sarauta ta koma hannun Muhammadu Dikko. Jikokin kowane ɓangare suna nan da ransu, sun yi auratayya, kuma suna iya zama a layi ɗaya a wurin kallo. Waƙar fada kuwa ba ta san tsaka-tsaki ba: tana zuga wani ne, tana yi wa abokin hamayyarsa zambo. Saurayi ɗan shekara ashirin da aka ba irin wannan baiti ya rera, shi ne za a riƙe a zuci, ko da bai san ma'anar rabin abin da ya faɗa ba.

Duk da haka, sau da yawa mako biyu kafin biki ake tuna da waɗannan yara. A kira su a gaggauce, a miƙa musu takardu, a ce su nemo kaya aro, bayan an tashi kuma a sallame su da kuɗin mota. Idan wasa ya yi kyau a yabi masu shiri, idan an yi kuskure a ce yaran zamani ba su san tarihi ba. To wa ya zaunar da su ya koya musu?

Roƙona ga masu shirya irin wannan wasa a Daura da Katsina shi ne su ba da aƙalla wata biyu na bita, kuma su haɗa 'yan wasa da makaɗan fada da dattawan da suka san ruwayoyi tun daga ranar farko, a biya su haƙƙinsu kamar yadda ake biyan mai janareta da mai rumfa. Kai kuma, Malam Edita, idan ka turo wakilinka Sallar Gani mai zuwa, bayan ya ɗauki hotunan hawa da dawakai, ya daure ya zagaya bayan dandamali ya zauna da waɗanda suka cire rawani suna shan ruwa, ya tambaye su yadda aka yi. Dattijon nan da ya gyara mana zaman Bawo ya riga mu gidan gaskiya, kuma babu wanda ya naɗi muryarsa, har da ni.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Daura, Jihar Katsina.