Godiya ga garejin da ya gyara min hitar a-kori-kura

Zuwa ga Oga da yaran gareji,

Assalamu alaikum. Godiyar da na yi muku da baki ranar da na karɓi mota ba ta ishe ni ba, shi ya sa na rubuto wannan a bainar jama'a.

A-kori-kurata ƙirar 1994 ce, ta sha aiki. Wata biyu ina ƙara ruwa a lagireto ban ga inda yake zuba ba. Ƙasa a bushe, injin a bushe. Sai wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi ya fara tashi a cikin mota, gilashin gaba yana yin wani hazo mai maiƙo, in na goge da tsumma sai ya ƙara dagulewa. Ni duk tsorona gasket ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan injin da jikinsa.

Oga, kai ko bonet ba ka fara buɗewa ba. Ka ɗaga kafet na ɓangaren fasinja, ka taɓa, ka nuna min hannunka a jiƙe. Ka ce ƙaramin lagireton hita ne ya huje, wanda yake ɓoye a bayan dashbod. Ranar na san cewa ruwan zafin injin yana bi ta tiyo biyu, ya shiga cikinsa ta ɗaya ya fita ta ɗayan, fanka ta hura iska ta ratsa shi, ɗumin ya fito mana.

Abin da ya fi burge ni shi ne gaskiyar da ka faɗa min. Ka ce akwai gajeriyar hanya: a haɗe tiyon biyu da juna, yoyo ya tsaya, mota ta ci gaba da tafiya. Amma ka ce in sani babu ɗumi, kuma babu iska mai zafi da za ta share raɓar gilashi da asuba ko cikin ruwan sama. Ka bar min zaɓi. Ni mai sammako ne, na ce a yi na gaske.

Aikin kuwa ba na wasa ba ne. Ƙaramin lagireton kansa bai fi faɗin littafi ba, amma kafin a kai gare shi sai da aka cire batir, aka zuƙe ruwa, aka sauke dashbod kacokan. Da na leƙa na ga wayoyi a barbaje, wallahi gabana ya faɗi. Robar mota mai shekara sama da 30 kamar busasshen kara take, ka taɓa ta karye. Ƙaramin yaronka ya yi wa kowace waya alama, notuna kuma kowane rukuni da gwangwaninsa. Ƙugiya ɗaya ce ta karye, kuma shi da kansa ya faɗa min, ba ni na gano ba.

Kun canja tiyon biyu da soson da ya ruɓe a akwatin hita, kun wanke tsatsa, kun fitar da iskar da ta maƙale. Faɗan da ka yi min kan zuba ruwan famfo zalla na karɓa, laifina ne. Yanzu rabi ruwa rabi kulan (ruwan sanyaya injin) nake zubawa.

Mako uku ke nan ruwa bai ragu ba, dashbod ba ya ko ƙara. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. A gaishe min da yaron nan mai gwangwanaye.

Naku,
Mai tsohuwar a-kori-kura