Gwaji a Kan Ɓera Bai Isa a Ɗirka wa Mai Ciki Jiƙo Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da ya hana ni barci tun makon jiya. Na biyo ta kasuwar Taminus a nan Jos, sai na ji mai maganin gargajiya a mota yana ta shela da lasifika cewa jiƙonsa "an gwada shi a kan ɓeraye, ko mai ciki ta sha ba komai". Da na isa gida na tarar da irin wannan gorar a ɗakin matar ɗana, ga ta da cikin wata uku, wai wata maƙwabciya ce ta kawo mata don zazzaɓi.

Na shafe shekaru ina kiwon fararen ɓerayen nan a ɗakin gwaji kafin in yi ritaya, don haka na san abin da ake nufi da gwajin. Cikin ɓera kwana 21 ne zuwa 22. Kowace safiya sai mun ɗora ta a sikeli, a lissafa ruwan ganyen daidai da nauyinta, a ɗura mata ta siririn bututu. Gab da haihuwa a ƙirga 'ya'yan da suka rayu da waɗanda suka narke a mahaifa, a duba ƙashinsu ɗaya bayan ɗaya. Komai da awo. To wane awo ke cikin gorar da aka haɗa saiwa da sassaƙe kala biyar, aka ce a sha kofi safe da yamma?

Ba raina maganin iyaye da kakanni nake ba. Da zogale da tafasa aka raine ni, kuma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja daga tsirranmu ta samar da Niprisan don masu sikila. Amma gwajin dabbobin ne ya nuna cewa ƙaron ɗanyar gwanda yana sa mahaifar ɓera ta riƙa murɗawa, alhali nunanniya ba ta yi musu illa ba. Itace ɗaya ke nan, bambancin kawai nuna. Saiwar zogale da man darbejiya su ma an ga suna hana ciki zama a jikin ɓeraye. Mai lasifika bai faɗi wannan ba.

Ko da ɓera ta sha ta haihu lafiya, magana ba ta ƙare ba. Maganin Bature mai suna thalidomide, wanda aka riƙa bai wa mata don laulayi, ya sa an haifi jarirai sama da 10,000 da naƙasassun hannaye da ƙafafu kafin a janye shi a 1961. Ɓeraye ba su cika nuna wannan illa ba. Sai a jikin zomaye ta fito fili. Jikin 'yar Adam daban ne, kuma a watanni ukun farko ake halittar gaɓoɓin jariri.

Roƙona biyu ne. Masu bincike a Jami'ar Jos da cibiyar dabbobi ta Vom su fito gidajen rediyo su faɗa mana da Hausa abin da suka gani, ganye da ganye, har da maganin zaƙin da ake bai wa mata idan ciki ya tsufa. Hukumar NAFDAC kuma ta sa ido kan masu tallan da ke jingina da sunan gwaji.

Ita kuwa surukata, kofi biyu ta sha kafin in gani. Mun kai ta awo da gorar a hannu, aka gwada jininta aka samu maleriya ce, aka ba ta maganin da ya dace da watanninta. Malamar asibitin ta juya gorar gaba da baya, babu ko sunan ganye ɗaya a jikinta. Muna jiran hoton ciki ranar Litinin, a taya mu da addu'a.

Naka,
Wani dattijo mai karatu,
Unguwar Rogo, Jos